Abin da Ya Kai Ubanku Bayan Mota

Laminu, Hure, Rabi, wannan babin naku ne ku uku. Sauran abin da na rubuta a kayen nan, wato littafin rubutun nan, ƙuruciyata a Kwaya, aurena da kakanku, shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, duk wanda ya ga dama ya karanta. Wannan kam ku za ku fara gani. Kun tashi da labari biyu a kan mutuwar ubanku. Na farko shi ne wanda aka yi ta raɗawa a bakin rijiya, wai ya ruga ne da ya ga soja saboda yana da abin ɓoyewa. Na biyu kai Laminu ka gina wa kanka shi da gemu ya fara fito maka, wai mugunta ce tsagwaronta, sun ga talaka sun harbe. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Ina wurin, tsakanina da shi bai kai taku goma ba, kuma a lokacin idona garau yake. Na taɓa faɗin gaskiyar nan sau ɗaya a gaban jama'a, amma kuna ƙanana, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaga maganar a gabanku, har uwarku. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koye shi, saboda haka kada wani ya zo mini da jan biro irin na malamin makaranta, wanda muke ce wa mushe.

Sunansa Mutari. Yana raye ban taɓa kiransa da shi ba, suruka ba ta yin haka, amma a takarda zan iya. Shekara tara yana auren uwarku, 'yata ta fari, kuma a shekara taran nan ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Kowane suruki yana jin kunyar uwar matarsa, haka muka tashi muka gani, amma na ubanku ya wuce na mutane. In ya zo gaishe ni, tun a zaure zai tuɓe takalmi, ya tsuguna can nesa kusa da rumbu, ya gaishe ni yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ko ruwa bai taɓa kurɓa ba. In muka haɗu a hanyar gona, sai in ga jaki ya karkata cikin hatsi da mutum a kansa, sai na wuce su fito. Wata rana a kasuwar Bande na ci karo da shi ya sayi ƙosai mai zafi ya kai ɗaya baki. Da ya hango ni sai ya tura ƙosan duka cikin aljihu, ya tsuguna ya gaishe ni, mai yana tsatstsafowa ta rigarsa, ni kuwa na ja gaisuwar da gangan har na tambayi lafiyar awaki. Amma mutumin nan, in na tafi karɓar haihuwa wani ƙauye na kwana biyu, zan dawo in tarar an ɗaure mini dangar da ta faɗi. Damin farko na gonarsa a ƙofata ake ajiye shi, ba ya aiko da magana, ba ya jiran godiya. Bayan kakanku ya rasu, 'ya'yana maza suna can wajen neman abinci, ɗaya Kano ɗaya arewa, ubanku ne ya riƙe ni.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Ya kamata a ce ni ma ina jin nauyinsa, in ja mayafi in yi shiru kamar surukan kirki, amma ban taɓa iyawa ba. Kakanku har ya koma ga Allah yana cewa in an raba mini harshe biyu zai ishi mata uku. Ungozoma ce ni, na ga abin da ya fi ƙarfin kunya, kuma da wasa nake sa mai naƙuda ta manta ciwo. To haka nake yi wa ubanku. Ta bayan danga zan ɗaga murya in ce a gaya wa mai shiga hatsi ya bar tattake gonar mutane, ni ba kura ba ce. In ce a tambaye shi ko aljihun ya ƙoshi da ƙosai. Ba ya amsawa, ba ya ko murmushi, sai dai kansa ya ƙara yin ƙasa. Ina sonsa kamar ni na haife shi, kuma ban san wata hanyar nuna masa ba sai wannan.

Shekarar da abin ya faru, kai Laminu kana da bakwai, Hure huɗu, Rabi tana goye. Autata Sa'a tana can gabas bakin kogi, inda mijinta yake noman tattasai, da cikinta na fari. A al'ada gida za ta zo ta haihu a ɗakina. Amma lokacin ƙasar can ta rikice, 'yan daji suna kashe mutane, an hana hawa moto, wato babur, hanya duk shingen soja, mijinta ya ce ba zai ɗora mace mai tsohon ciki a kan wannan hanya ba. Na ce to ni zan je. Na karɓi haihuwar rabin ƙauyukan nan, ba za a ce tawa 'yar ta haihu a hannun baƙi ba. Ubanku ya aiko uwarku ta ce mini ya ce in ɗan dakata har abubuwa su lafa. Na ce ta koma ta tambaye shi ko cikin ma zai dakata. Washegari ta dawo ta ce ya ce in shirya, shi zai kai ni, tunda ya yi cin rani uku a gonakin tattasan can, ya san hanya. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, shuka saura kaɗan. Ya bar gyaran gonarsa ya ɗauki ƙunshina.

Daga Magaria muka hau mota zuwa Damagaram, daga can muka shiga wata ta gabas. Ya sa aka ba ni kujerar gaba, shi ya tafi can ƙurya ta baya inda ba zan gan shi ba. In ya sayi ruwa ko dabino, hannu da hannu ake miƙo mini, a ce in ji na baya. Har matan da ke kusa da ni suka gane, suna ta yi mini murna da samun suruki.

Da muka wuce Gure da nisa muka fara tarar da shingayen da ake faɗi. Ga yadda ake yi. Mota za ta tsaya nesa da sojan, kowa ya sauka. Mata su tsaya gefe guda su ɗaga hannu su kakkaɓe mayafi. Maza su yi layi, kowa ya ɗage rigarsa har ƙirji ya juya, don a tabbata ba wanda ya ɗaura abin fashewa a cikinsa. Sai an gama wannan soja zai matso ya duba takardu. A shingen farko, ƙaddara ta sa layin maza ya tsaya daidai gabanmu, ubanku kuma daidai gabana. Ya ɗage rigar kamar ana zare masa rai, ya runtse ido, ya juya. Da na yi shiru na kau da kai kamar yadda kowace tsohuwa mai hankali za ta yi, da shi ke nan. Amma wurin ya yi tsit, kowa a tsorace, ni kuwa in na ga mutane a tsorace bakina ƙaiƙayi yake yi. Sai na ji kaina ina cewa da ƙarfi:

"Oh ni jikar mutum huɗu, wannan zamani. Shekara tara ban ga haƙorin surukina ba, yau ga ni ina kallon cibiyarsa."

Aka kwashe da dariya, maza da mata, har direba, har wani soja da ya jiyo daga nesa. Na ji daɗi a raina, na ce na sauke wa mutane tsoro. Ubanku ya saki rigar ya koma mota. Da na waiwaya daga kujerata, hularsa kawai nake hange, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Shinge na biyu muka iso shi da la'asar. Tun kafin mu kai, direba ya ce kowa ya kama kansa, wai kwanakin baya wani ya zo nan da abu a ƙarƙashin riga ya tashi da shi, sojan wurin sun binne abokansu. Ka gan su ka san ba su da barci a ido. Suna bayan buhunan ƙasa, wani yana ta daka tsawa daga nesa a sauka, a yi layi. Muka sauka. Aka sake tsayuwa irin ta ɗazu, ni da shi muna fuskantar juna. Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi. Sai ya fita daga layi, hannuwansa biyu riƙe da bakin rigarsa, ya nufi bayan mota. Ba gudu ya yi ba, ku rubuta wannan a zuciyarku. Sauri yake yi irin na wanda ya karkata jaki cikin hatsi. So yake mota ta shiga tsakanina da shi, ya ɗage rigar ta can gefen inda soja za su gani ni ba zan gani ba. Na gane nan take, ni kaɗai a duk wurin na gane. Suka yi ta ihu ya tsaya, da Hausa da Faransanci. Ina jin a ransa cewa yake bari in kai in nuna musu, sai ya ƙara sauri. Su kuwa abin da suke gani mutum ne ya bar layi, hannunsa a bakin riga, ana ce masa tsaya ba ya tsayawa. Na buɗe baki in ce kunyata yake ji. Kafin maganar ta fito na ji ƙara sau biyu.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. An ce mini ni ma an ɗaga mini bindiga, babbansu ne, wani lajidan mai furfura, ya hana. Na same shi kwance a jikin tayar baya. Na ɗage rigar da hannuna. Raunin yana ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wadda ta yi shekara talatin tana ganin jini ta san wanda ake tsayarwa da wanda ba a tsayarwa. Duk da haka na cire mayafina na dunƙule na danna. Sai na ji hannunsa yana ja, yana ja, ashe rigar yake son ya mayar ƙasa.

"Iya, ku juya," in ji shi.

"Ba inda zan juya. Cibiya nawa na yanke da hannun nan? Saki rigar, ɗana."

Bai saki ba. Na yi ta laƙana masa kalmar shahada, ya karɓa sau biyu a fili, na uku leɓensa kawai ya motsa. Da suka bincika jikinsa, katinsa na shaida suka samu da ƙullin kanwa da ya saya don kunun jegon Sa'a.

Laminu, buɗe kunnenka a nan. Wanda ya yi harbin bai kai shekarunka na yau ba. Ya jefar da bindigar ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi amai, yana ta maimaita cewa ya ce ya tsaya, ya ce ya tsaya. Da mutanen ƙauyen da ke kusa suka yi wa ubanku wanka suka sallace shi kafin magariba, yaron nan yana sahun baya. Ba na ce ba shi da alhaki ba, rai ya fita ta hannunsa, shi da Ubangijinsa. Amma na ga fuskar mugu a rayuwata, ba ita ce wannan ba. Tsoro ne ya harbi ubanku, kuma abin da ya kai shi gaban tsoron daga bakina ya fito. Lajidan ɗin ya zo ya tsuguna a gabana da ladabi, ya tambaye ni mene ne shi a wurina. Na ce ɗana ne. Ya ce ko na san abin da ya fitar da shi daga layi. Na dube shi, jinin ubanku bai bushe a hannuna ba, na ce ban sani ba. Don haka a takardar da suka rubuta suka ce an umurce shi ya tsaya ya ƙi, ba a san dalili ba.

Su suka kai ni wurin Sa'a a motarsu. Bayan kwana huɗu ta haihu a hannuna, namiji, aka sa masa sunan mamacin, shi ne wanda kuke kira Abba. Washegarin suna na kamo hanyar gida. Na tarar da uwarku ta shiga takaba. Kun san tsakanin uwa da 'yar fari ba a doguwar magana, ko sunanta ba na faɗi. Abu biyu ta tambaye ni, ko ya sha wahala, ko ya samu shahada. Na ce bai daɗe ba, kuma ya samu. Ta ce alhamdu lillahi. Na jira ta yi ta uku, ba ta yi ba, ni kuma na ji sanyi a raina da ba ta yi ba. Tsoro nake ji. Ita ce take aiko mini da tuwo, 'ya'yanta ne suke kwana a ɗakina, kuma na san in ta ji abin da na faɗa a hanya, zan iya rasa ta ita ma.

Amma labari ya riga ni isowa. A motar nan akwai wani mai sayar da gyaɗa na Bande, bawan Allah, ba da mugunta ba, ya faɗi abin da idonsa ya gani: an ce a ɗage riga, Mutari ya bar layi ya yi bayan mota. Takardar soja ta zo, mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya karanta ta a ƙofar mai gari. Sai mutane suka fara haɗa ɗaya da ɗaya. Me ya kai shi gabas rani uku? Me ya sa ba ya magana, kullum kai a ƙasa? Shirun nan nasa da ake yabo jiya, yau ya zama shaida a kansa. Jandarma suka zo sau ɗaya suka yi wa wansa Garba tambayoyi suka tafi, ba su kama kowa ba, amma zuwan nasu ya isa. Masu zuwa gaisuwa suka ragu. Mata suka daina aiko 'ya'yansu ɗibar wuta gidanku. Ina ji, ina gani, ina haɗiyewa. In aka tambaye ni sai in ce kwana ne ya ƙare.

Ruwa ya sauka, Garba ya shuka gonar ubanku da ƙyar bayan ya gama tasa. Da lokacin noman fari ya yi, ya kira gayya kamar yadda ake yi wa gonar marayu. Na tuƙa tuwo tukunya biyu manya na dama fura. Mutum huɗu suka zo. Ubanku da bai taɓa jin an buga gangar gayya ya zauna ba, wanda ya yi noma a gonar kowane gida a garin nan, mutum huɗu. Na dawo da tuwon a kaina ya yi tsami a tukunya. Bayan kwana uku aka kira ni haihuwa a unguwar yamma. Ina durƙushe ina aikina, sai na ji wata daga bayan labule tana gaya wa baƙuwa cewa ai wannan ce surukar ɗan dajin nan. Na yanke cibiya, na wanke jariri, na wanke hannu, ban tsaya shan kunu ba. Daga can gidanku na wuce.

Uwarku tana zaune a ɗaki da carbi, Rabi tana barci a cinyarta. Na zauna bakin ƙofa na juya mata gefe, don ba zan iya kallonta ba. Na faɗa mata duka, tun daga shingen farko, da maganar da na yi kalma kalma, da dariyar, da abin da na ce wa lajidan. Uwarku ta ajiye carbin. Da ta yi magana muryarta ba ta ko tashi ba.

"Wata biyu kina ji ana cin namansa, Iya. Ke da ba a taɓa faɗa miki ɗaya ba ki mayar da goma ba."

Ta koma kan carbinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza suna zaune a ƙofar mai gari, na je na tuɓe takalmi na durƙusa. Mace ba ta zuwa wurin nan ta yi magana, balle a kan cikin surukinta, amma na ce a ba ni izini. Na faɗa musu yadda aka yi. Da na zo kan maganar cibiya, wani saurayi dariya ta kuɓuce masa, ya toshe baki, ya ga ba wanda ya taya shi. Na ce duk wanda yake neman wanda ya fitar da Mutari daga layi, ga ta nan durƙushe, ba 'yan daji ba ne. Liman ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani. Mai gari bai tsaya a kan maganata ba, ya tura moto Bande aka ɗauko mai gyaɗar nan. Mutumin ya ce wallahi haka Iya ta faɗa, shi ma yana cikin waɗanda suka yi dariya, bai dai taɓa haɗa wancan da wannan ba. Ya zauna ya yi ta salati. Ran Litinin gonar ubanku ta cika da mutane har wasu ba su samu kuyyar da za su noma ba, daga Kwaya ma an zo. An makara, ciyawa ta riga ta ci rabin hatsin, amma abin da aka samu ya kai ku har bazara.

Sunan ubanku ya wanku, nawa ya ɗauki daudar. Aka koma cewa bakin Iya ya kashe surukinta, kuma ban musa ba. Wasu gidajen suka daina kirana haihuwa, wai kada bakina ya faɗa wa jariri. Garba ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ban ga laifinsa ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne uwarku. Ba ta yanke ni ba, ba halinta ba ne. Tuwo yana zuwa kullum, ku ma ba ta hana ku ɗakina ba. Amma in na shiga gidan, daga ina kwana sai lafiya lau, sai ta sami abin yi a madafa. Ni kuma na ɗaure bakina. Na daina wasa da kowa, ko ku jikokina da kuka saba in tsokane ku. Kai Laminu har ka tambaye ni ko haƙori ne yake mini ciwo. Na ɗauka haka za mu ƙare, ina raye kusa da 'yata kamar maƙwabciya, kuma na ce wa kaina na cancanta.

Ta fita takaba, aka yi girbi, aka cire gyaɗa. Wata rana da hantsi Hure ta zo ta ce Inna tana kira. Na tarar da ita a inuwar rumbu da buhun gyaɗa da faifai biyu. Ta turo mini ɗaya. Muka yi ta ɓara, ba ka jin komai sai ƙarar ɓawo. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, in maimaita mata abin da na ce masa a shingen farko, daidai yadda na faɗa, da muryar da na faɗa. Na ce ta rufa mini asiri. Ta ce tana son ji. Na maimaita. Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, hawaye kuma suna zuba a kan gyaɗar.

"Da ya dawo, da sai na ji wannan sau goma," in ji ta. "Duk abin da kika taɓa faɗa masa, Iya, ɗaki yake kawo mini shi. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yadda kike yi, ya yi muryarki, ya yi ta dariya har in ce maƙwabta suna ji. Ta ƙosan nan ya fi shekara yana yi. Cewa yake duk garin nan ba wanda ya kai shi sa'ar suruka."

Shekara tara ina zaton haƙuri yake yi da ni. Na zauna da gyaɗa a hannu na kasa ɓare ta. Ban taɓa ganin dariyarsa ba, ashe ni ce nake ba shi ita, a can inda ba zan gani ba. Na so a ce na ji ta ko sau ɗaya, ta bayan danga ma ya isa.

Uwarku ta goge fuska da bakin zane, ta ƙara mini gyaɗa a faifai.

"Ki yi magana, Iya. Gidan nan ya yi shiru da yawa. Mutum ɗaya muka binne, ba biyu ba."

Na lalubi abin da zan ce na rasa, ni da ban taɓa rasawa ba. Da ƙyar na ce mata in haka take ɓarar gyaɗa, ɗaya a faifai biyu a baki, gara a kira ɓeraye su taya mu, sun fi ta amana. Maganar ba ta yi wani daɗi ba, kuma muryata ta karye a tsakiya. Amma ta matso da tabarmarta kusa da tawa har gwiwarmu ta haɗu, muka ci gaba da ɓara muna kuka, ba wadda ta tashi har inuwa ta bar mu.